Cikina yana yawan ɗaurewa a wata na takwas, yaushe ya kamata in tafi asibiti?

Tambaya: Wata matar aure daga nan Tawa ta aiko tana cewa cikinta na biyu ne, yana mako 33 bisa lissafin karnen awonta, wato littafin awon ciki, kuma a ƴan kwanakin nan yakan ɗaure ya yi tauri sau da yawa a yini, musamman da maraice bayan ta gama aikace-aikacen gida, wani lokaci har sai ta tsaya cik kafin ya saki. Ba ta ga jini ba, ba ta ga ruwa ba, ɗan kuma yana motsi. Uwar mijinta ta ce haka ciki yake idan ya tsufa, amma ita hankalinta bai kwanta ba domin a cikin fari ba ta ji irin haka ba.

Amsa: Ɗiyata, Allah ya raba lafiya. Abin da uwar mijinki ta faɗa gaskiya ne ga yawancin mata, domin kusan duk cikin da ya tsufa yakan riƙa ɗaurewa yana saki ba tare da wata illa ba. Sai dai a mako 33 bai kamata a tsaya a kan wannan maganar kaɗai ba, saboda naƙudar da ke zuwa kafin lokaci sau da yawa da irin wannan sigar take farawa, kuma babu macen da za ta iya rarrabe su da tabbaci ta hanyar jin jikinta kawai, komai yawan haihuwarta. A aikinmu na ungozoma abubuwa uku muke dubawa: makon da cikin ya kai, yadda ɗaurewar take kasancewa idan mace ta huta ta sha ruwa, da kuma abin da ya zo tare da ita. Idan cikin bai kai mako 37 ba, kika sha ruwa kika kwanta na tsawon awa guda, amma kika ƙirga ɗaurewa huɗu ko fiye kuma babu alamar lafawa, to ki tafi a duba ki a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Wasu littattafan likitanci shida suke cewa a cikin awa, amma ni huɗu nake gaya wa matan nan, domin hanyarmu zuwa asibiti ba kullum take da sauƙi ba, kuma neman abin hawa kaɗai yakan cinye awa.

Mahaifa tsoka ce, kuma tun cikin yana ƙarami take motsawa jifa-jifa ba tare da mace ta sani ba. Idan cikin ya girma sai a fara jin hakan a matsayin tauri da ke ɗaukar kamar daƙiƙa 30 zuwa minti biyu sannan ya wuce. Wani likitan Ingila mai suna John Braxton Hicks ne ya yi bayanin wannan ɗaurewar a 1872, shi ya sa likitoci suke kiranta da sunansa. Ba ta da tsari, tana iya zuwa sau biyu a jere sannan ta ɓace har rabin yini, ba ta ƙara ƙarfi da tafiyar lokaci, yawanci a gaban ciki ake jinta, kuma babban abin da ya raba ta da naƙuda shi ne ba ta buɗe bakin mahaifa. Macen da ta taɓa haihuwa takan fara jinta da wuri, kuma takan fi jinta sosai fiye da mai cikin fari, saboda haka bambancin da kika gani tsakanin cikinki na farko da wannan ba abin tsoro ba ne a kan kansa.

Ga yadda nake so ki gwada a gida, matuƙar babu jini, babu ruwa, babu zazzaɓi, ɗan kuma yana motsi. Ki fara zagawa ki yi fitsari, domin cikakkiyar mafitsara takan tsokano mahaifa. Ki sha ruwa kofi biyu ko uku, kamar rabin lita, ki kwanta a kan gefenki na hagu a wuri mai inuwa, ki ɗora tafin hannunki a saman cikin, sama da cibiya. Idan mahaifa ta ɗaure za ki ji wurin ya yi tauri kamar goshinki, ko'ina a lokaci guda, ba kamar lokacin da ɗan ya turo gwiwa ko baya ba, inda gefe ɗaya ne yake tauri sauran wurin yana da laushi. Ki duba agogon wayarki ki rubuta lokacin da kowace ɗaurewa ta fara, domin tazarar da muke buƙata daga farkon wannan ne zuwa farkon mai bi mata. Rubutun yana da muhimmanci ƙwarai, saboda mace idan tana cikin fargaba lissafin kanta yakan rikice, sai ta zo ta ce mana "sau da yawa", alhali abin da zai taimake mu shi ne mu ji cewa duk bayan minti goma sha biyu ne, ko kuwa sau uku ne kacal tun bayan la'asar. Idan awa ta cika kika ga ɗaurewar ta ragu ko ta ɓace, to mahaifa ce ta gaji ko ta ji ƙishirwa, sai ki ci gaba da harkokinki a hankali ki faɗa wa ungozoma idan kin je a duba ki.

Na ambaci ƙishirwa da gangan, domin a nan Adar ita ce kan gaba wajen jawo wannan ƙorafin. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, mai ciki tana daka, tana wanki a tsugune, tana tsaye gaban murhu, wata ma tana ɗauko ruwa a ka, sannan da yawa suna rage shan ruwa da kansu don gudun yawan zagawa. Idan ruwan jiki ya ragu, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, wannan sinadarin kuwa ƙirarsa ta yi kusa sosai da ta oksitosin, wanda shi ne yake matsa mahaifa a lokacin naƙuda, kuma ana ganin wannan na cikin dalilan da suke sa cikin macen da ta bushe ya yi ta ɗaurewa. Yadda kika ce abin ya fi tasowa da maraice bayan aiki ya yi daidai da wannan. Ki riƙa duba launin fitsarinki: idan ya yi ja-ja kuma kaɗan ne, ruwan da kike sha bai isa ba. Mai azumi kuwa, idan cikinta ya fara ɗaurewa a jere, ta sha ruwa a lokacin, kada ta ce sai rana ta faɗi, domin shari'a ta yi rangwame ga mai cikin da ke tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta, zancen ramuwa kuma malamai za su yi mata bayaninsa daga baya.

Kuskuren da na fi gani, kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne auna abin da zafin ciwo. An raine mu a kan cewa mace ta gari tana jurewa, ba ta yin raki, mai cikin fari ma kunya takan hana ta buɗe baki gaban surukai, sai kowa ya ɗauka cewa tun da ba ta kai ga durƙusawa ba, to ba naƙuda ba ce. Amma naƙudar bakwaini ba dole ne ta zo da ciwo mai tsanani ba. Wani lokaci ɗan ciwon mara ne irin na al'ada da ke zuwa yana komawa, ko ciwon ƙugu mai nauyi wanda canza kwanciya ba ya raba ki da shi, ko jin kamar ɗan yana dannowa ƙasa, ko murɗar ciki har da gudawa, ko kuma ruwan gaba ya canza ya koma mai yauƙi ko mai ɗan jini-jini. Duk ɗaya daga cikin waɗannan idan ya haɗu da yawan ɗaurewar ciki kafin mako 37, ba a jiran a ga ko ciwon zai ƙaru. Bakin mahaifa yana iya gajarcewa ya buɗe santimita uku ko huɗu mace tana shara a tsakar gida.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan zuwa da wuri shi ne akwai taimakon da ake iya yi wa ɗan tun yana ciki, kuma taimakon yana buƙatar lokaci. Huhun jaririn da bai kai mako 34 ba bai gama samar da maiƙon da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa ba, shi ya sa matsalar numfashi take cikin manyan abubuwan da ke kashe bakwaini. Idan mace ta iso tsakanin mako 24 da 34 aka tabbatar naƙuda tana tafe, ana yi mata allurar deksametazon sau huɗu, awa 12 tsakanin kowace, domin ta hanzarta nunar huhun ɗan. Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitocin ƙasashe biyar, ciki har da maƙwabciyarmu Najeriya, wanda aka fitar a 2020, ya nuna cewa wannan allurar tana rage mutuwar jariran da aka haifa kafin mako 34 ko a ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki. Sai dai amfaninta ya fi cika idan an samu aƙalla yini guda tsakanin allurar farko da haihuwa. Saboda haka ake haɗawa da magani irin nifedipin, wanda ke lafar da mahaifa na kimanin awa 48. Wannan maganin ba ya mayar da ciki ya kai wata tara, kwana biyun nan kawai yake sama mana, domin allurar ta yi aiki kuma a samu damar kai uwar inda akwai kulawar jarirai, kamar Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta nan Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ga waɗanda ke Yamai. Tafiya da ɗan yana cikin uwarsa ta fi aminci nesa ba kusa ba a kan a ɗauko bakwaini a zane a bi hanya da shi. Macen da ta iso bakin mahaifarta ya riga ya buɗe sosai, duk wannan damar ta wuce ta. Ke da kike mako 33, saura ƴan kwanaki ki fita daga wannan zangon, don haka jinkirin dare ɗaya a wurinki yana da nauyi.

Ki kuma sani cewa yawan ɗaurewar ciki sau da yawa alama ce ta wata cuta daban da ke tsokanar mahaifa, wadda idan an magance ta sai cikin ya lafa. Biyu ne suka fi yawa a wurinmu. Ta farko zazzaɓin cizon sauro ne, musamman daga damina zuwa kaka, domin zafin jiki yana tayar da mahaifa, ƙwayar cutar kuma takan taru a cikin mabiyiya ta rage wa ɗan abinci, wani lokaci ma ba tare da uwar ta ji zazzaɓi sosai ba. Wannan ne dalilin ƙwayoyin Fansidar guda uku da ake ba ku a awo daga wata na huɗu, wata guda tsakanin kowane sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da kwana cikin gidan sauro. Ta biyu ita ce ciwon sanyin mafitsara, wanda a jikin mai ciki yana iya kasancewa babu zafin fitsari ko kaɗan, sai gwajin fitsari ya tona shi, kuma idan aka bar shi yakan haura zuwa ƙoda. Cututtukan gaba masu kawo ruwa mai wari ko ƙaiƙayi, da ƙarancin jini, su ma suna da hannu. Saboda haka ko da ƙirgarki ba ta kai huɗu a awa ba, ciki da ya kwashe kwanaki yana yawan ɗaurewa ya cancanci gwajin fitsari da na zazzaɓi da na yawan jini.

Akwai kuma alamomin da ba a yi musu ƙirga ko gwajin awa guda, a kowane mako cikin yake. Jini, ko kaɗan ne, yana iya zama daga mabiyiyar da ta zauna a bakin mahaifa, kuma a irin wannan halin kada a bar kowa ya sa yatsa a gaba, ko ungozomar gida ko wata, sai an yi hoton ciki an ga inda mabiyiyar take. Cikin da ya ɗaure ya ƙi saki, ya yi tauri ƙam tare da ciwo mai tsanani wanda ba ya yankewa, alama ce ta cewa mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa, jinin kuma yana iya taruwa a ciki ba a ga komai a waje ba. Wannan yana barazana ga ran uwa da ɗa cikin ɗan lokaci, kuma ya fi samun masu hawan jini da waɗanda suka faɗi ko aka buge su a ciki. Ciwon kai mai tsanani, ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamomi ne na hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga, kuma tansiyo, wato awon hawan jini, da ya kai 14/9 (140/90) ya isa a ɗauki mataki. Zazzaɓi da rawar sanyi ma haka. Motsin ɗan idan ya ragu a kan yadda kika saba ji, ki kwanta a gefe ki saurara, idan ba ki ji motsi goma ba cikin awa biyu ki tafi, kuma kada ki yarda da zancen cewa ɗa yakan daina motsi idan haihuwa ta matso, domin lafiyayyen ɗa yana motsi har cikin naƙuda.

Zancen ruwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Mata da yawa a nan idan suka ga farin ruwa yana ɗiga a ƙarshen ciki sai su ce zaƙi ne yake fita, har su yi murna, musamman idan dama suna shan maganin zaƙi. Faya ba kullum take fashewa da yawa a lokaci guda ba, tana iya tsagewa kaɗan ta riƙa yoyo, mace ta yi ta jin danshi tana canza zane. Daga lokacin da ta tsage, hanya ta buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa wurin ɗan, kuma naƙuda takan biyo baya. Duk ruwan da ke zuba ba ki iya riƙe shi kamar yadda kike riƙe fitsari, ki sa tsumma mai tsabta, kada ki sa komai a gaba, kada ki kusanci maigida, ki tafi a duba. Idan ruwan kore ne ko yana wari, gaggawar ta ƙaru.

Wasu matan kuma bai kamata su jira ko cikar awa gudan ba: wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, mai ɗauke da tagwaye, wadda aka gaya wa ruwan cikinta ya yi yawa ko bakin mahaifarta gajere ne, yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da wadda ta yi kwanika, wato ta samu ciki tana goyon jinjiri ƙarami. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa kuwa, da zarar ɗaurewa ta fara zuwa a jere, ko ta ji ciwo a kan tabon, asibitin da ke da ɗakin tiyata za ta nufa kai tsaye, saboda tsohon ɗinki yana iya ɓarkewa. Ba ki faɗa mini yadda haihuwarki ta fari ta kasance ba, don haka ki duba ko kina cikin waɗannan.

Abin da za a yi miki idan kin je ba mai wahala ba ne. Za a auna tansiyo da zafin jiki, a saurari bugun zuciyar ɗan, a ɗora hannu a ƙirga ɗaurewar, a gwada fitsari da jini, sannan a duba bakin mahaifa, wani lokaci a sake dubawa bayan awa biyu a ga ko ya canza. Inda akwai na'urar hoton ciki ana iya auna tsawonsa, idan ya gaza milimita 25 sai a ƙara sa ido. Mafi yawan matan da suke zuwa da wannan ƙorafin ana samun bakin mahaifarsu a rufe, su koma gida cikin ya ci gaba har lokacinsa. Idan hakan ta faru da ke, kada ki ji kunya, kada kuma surutun gida ya hana ki komawa idan abin ya sake tasowa, domin dubawar yau ba ta ba da tabbacin jibi.

Game da magani, ki nisanci jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙen da ake bayarwa don sauƙaƙa haihuwa, domin wasunsu suna matsa mahaifa da ƙarfin da babu mai iya auna shi. Haka nan allurar naƙuda ko ƙwayar tayar da naƙuda da wani zai ba ki a gida, waɗannan sun fasa mahaifar mata da yawa. Ibuprofen da diklofenak da masu tallar magani suke yawo da su ba su dace da watannin ƙarshe na ciki ba, saboda suna iya rage ruwan da ɗan yake ciki su kuma taɓa wata jijiya ta zuciyarsa. Parasetamol ba shi da laifi, amma kada ki danne zazzaɓi da shi ki fasa zuwa gwaji. Spasfon, maganin murɗar cikin nan da ake yawan sha, ba ya tsayar da naƙudar da ta kama hanya. Kwanciya dare da rana ba tare da tashi ba ita ma ba a ga tana hana haihuwar bakwaini ba, tana ma iya sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Abin da ake so shi ne a sauke miki aiki mai nauyi, ki riƙa hutawa tsakanin ayyuka. Saduwa takan sa ciki ya ɗaure na ɗan lokaci, wannan ba komai ba ne ga lafiyayyen ciki, amma a halin da kike ciki ku dakata har a duba ki.

Idan Allah ya kai ki mako 37, wato saura mako uku ranar da aka rubuta miki a karne ta cika, lissafin ya canza. Daga nan yawan ɗaurewa alama ce ta shiri, wasu ma sukan yi kwanaki suna naƙudar tsaye kafin ta gaskiya ta kankama. Mai cikin fari takan tafi idan ɗaurewar tana zuwa duk bayan minti biyar, kowace tana kai minti guda, har tsawon awa. Ke da kika taɓa haihuwa ki tashi tun tana zuwa duk minti goma a jere, domin haihuwa ta biyu takan yi sauri, wadda ke ƙauyukan Keita ko Buza ko wajen Abalak kuwa ta tashi tun kafin haka, balle da damina da koramu suke yanke hanya.

A halinki na yanzu, shawarata ita ce ki yi gwajin awa gudan nan yau da maraice, kuma ko sakamakon ya kwantar miki da hankali, ki je CSI, wato cibiyar lafiyar unguwarku, gobe ko jibi ba tare da jiran ranar awonki ba, ki nemi a gwada miki fitsari da zazzaɓi a kuma duba bakin mahaifa, ki tafi da karnenki da takardar da kika rubuta lokutan a kai. Ki zauna da maigida ku tsayar da mai abin hawan da za a kira da dare, a ajiye lambarsa da ɗan kuɗin hanya da na magani, a san wanda zai riƙe babban yaron. Ki kuma nemi ya ba ki izinin fita tun yanzu a gaban mahaifiyarsa, yadda idan abin ya taso yana kasuwa ko yana kan tafiya ba za a zauna jiran dawowarsa ba.